Kunnen Bakwaini da Karin Harshen Uwa: Nazari Daga Unguwannin Hausawa na Legas

1.0 Gabatarwa

Galibin nazarce-nazarcen da ake yi a kan yadda yaro ke koyon harshe sukan fara ne daga ranar da ya soma gwaranci, ko kuwa ranar da ya furta kalmarsa ta farko. Amma kunne ya riga baki fara aiki da watanni masu yawa, domin tun yaro yana ciki yake sauraro. Babu inda wannan magana ta fi fitowa fili kamar a kan bakwaini, wato jaririn da ya zo duniya a daidai lokacin da kunnensa ke tsakiyar koyon aikinsa.

Kalmar bakwaini daga bakwai ta samo asali, ma'ana ɗan wata bakwai. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta faɗaɗa ma'anar zuwa duk jaririn da aka haifa kafin ciki ya cika mako 37, alhali cikakken ciki yakan kai mako 40. Rahoton da hukumar ta fitar tare da wasu hukumomi a 2023 ya ƙiyasta cewa an haifi bakwaini miliyan 13.4 a duniya cikin shekarar 2020, kuma kimanin 774,000 daga cikinsu a Nijeriya ne. Indiya da Pakistan kaɗai suka fi ta. Ke nan maganar ba ta likitoci ba ce su kaɗai, domin kowane ɗaya daga cikin waɗannan yara zai koyi Hausa ko Yarabanci ko Ibo ko wani harshe, kuma zai fara koyon ne a yanayin da ya saɓa wa na sauran yara.

Wannan maƙala za ta duba abin da bakwaini ke ji, da yadda jikinsa ke amsa sautin, sannan ta auna bayanin da rayuwar Hausawa mazauna Mile 2 da Agege a Legas, inda hayaniya ta yi yawa, kuma dangin da aka saba su taya mai jego raino suna can Arewa.

2.0 Abin da Ɗan Tayi ke Ji

Sashen kunne na can ciki mai siffar katantanwa, wanda ke mayar da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa za ta karɓa, yakan kammala siffarsa wajen mako na 20. Ji kuwa ba ya buɗewa gaba ɗaya. A 1994 Hepper da Shahidullah sun yi gwaji a Belfast, inda suka riƙa kunna sauti a jikin cikin mata suna kallon motsin ɗan tayi a na'urar hoton ciki. A mako na 27 kusan duk 'yan tayin sun motsa da jin sauti mai kauri, mai kaɗawa 250 ko 500 cikin daƙiƙa ɗaya, amma babu ko ɗaya da ya kula da siririn sauti. Sai a mako na 33 dukkansu suka amsa mai kaɗawa 1000, mai kaɗawa 3000 kuwa sai a mako na 35. Wato kunne daga ƙasa yake hawa zuwa sama.

Jikin uwa ma ya dace da wannan tsari. Fata da tsoka da ruwan da ɗan tayi ke kwance a ciki suna aiki ne tamkar rariya: sauti mai kauri yana wucewa kusan yadda yake, siriri kuma ya dusashe. Querleu da abokan aikinsa a Faransa sun naɗi magana daga cikin mahaifa a shekarun 1980, suka tarar cewa kimanin kashi 30 cikin ɗari kawai na ƙwayoyin sauti ake iya ganewa, amma hawa da saukar murya ya fita sarai. Muryar uwa ta fi kowace isa ga ɗan tayi, saboda tana bi ta ƙashi da tsokar jikinta, ba ta iska kaɗai ba.

Akwai shaidar cewa abin da aka ji a ciki yana zama. DeCasper da Fifer sun nuna a 1980 cewa jaririn da bai wuce kwana uku ba yakan sauya yadda yake tsotson roba domin a kunna masa muryar uwarsa maimakon ta wata mace. A 1988 Mehler da abokansa sun gano cewa jariran Faransa 'yan kwana huɗu suna bambanta Faransanci da Rashanci, har ma bayan an tace maganar an bar rausayarta kawai.

2.1 Matsayin Hausa

A nan ne maganar ta shafi manazarcin Hausa kai tsaye. Muryar mace yayin magana tana kaɗawa ne wajen sau 200 a daƙiƙa, ta namiji kuma ƙasa da haka. A kan wannan kaɗawa ake gina karin sauti, kuma tana cikin rukunin sautin da rariyar ciki ke bari ya wuce. Hausa na amfani da karin sama da karin ƙasa da faɗau wajen bambanta ma'ana. Kuka na hawaye kari biyu na sama gare shi, kuka ta miya kuwa sama ce da ƙasa. Wuya ta wahala ƙasa ce da sama, wuya na jiki sama da ƙasa. Haka nan tsayin wasali, wanda shi kaɗai ya raba gari na mutane da gari na tuwo, abu ne na tsawon lokaci, kuma rariyar ba ta taɓa lokaci. Abin da take ragewa shi ne baƙaƙe irin su s da sh da ts da c, waɗanda ƙarfinsu yake can sama da kaɗawa 2000.

Idan aka haɗa waɗannan, za a ga cewa ɗan tayin Bahaushiya yana samun kaso mai tsoka na tsarin sautin harshensa tun kafin haihuwa: karin kalmomi, da jerin gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi, da yadda murya ke gangarowa sannu a hankali daga farkon jimla zuwa ƙarshenta, da yadda take ɗagawa a tambaya. A harshe irin Ingilishi rausayar murya ba ta raba kalma da kalma ta wannan hanya. A Hausa kuwa tana cikin ginin kalmar kanta.

Wani bincike da ya matso kusa da gida shi ne na Wermke da abokan aikinta a 2016. Sun kwatanta kukan jariran Jamus da na jariran Nso na arewa maso yammacin Kamaru, waɗanda harshensu Lamnso mai karin sauti ne, suka sami cewa kukan jariran Nso a makon farko ya fi hawa da sauka. Kafin haka, a 2009, Mampe da wasu sun ce kukan jariran Faransa yakan hau, na Jamus kuma ya sauka, daidai da harsunan iyayensu. Wasu masana sun soki hanyar lissafin wannan bincike na 2009, saboda haka bai kamata a ɗora masa kaya mai nauyi ba.

3.0 Bakwaini a Cikin Kwalba

Jaririn da aka haifa a mako na 28 ya yi asarar wajen wata uku na wannan darasi. Bugu da ƙari, an cire masa rariyar. Siraran sautukan da kunnensa bai shirya musu ba suna zuwa masa kai tsaye: ƙarar na'ura mai gargaɗi, da ƙarar kwanon ƙarfe, da wayar hannu. Muryar da ya saba ji dare da rana kuma ta koma sai lokacin ziyara.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel, kuma ƙarin desibel 10 yana nufin ƙarfin ya ninka sau goma. Hira ta yau da kullum takan kai 60. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara a 1997 cewa a guji wuce 45 a ɗakin jarirai marasa lafiya. A cikin bayanin nata ta nuna cewa ƙwanƙwasa kwalba da yatsa yana kai 80 a kunnen wanda ke ciki, rufe 'yar tagar kwalbar kuma 100. Mutane da yawa suna ɗaukar kwalba wuri ne na shiru. Akwati ne rufaffe mai inji a ƙarƙashinsa, kuma duk abin da aka aza a kansa amonsa cikin yake komawa.

Bakwaini ba ya iya kau da kai ko toshe kunne, don haka jikinsa ne ke ba da amsa. Ƙara ta ba-zata takan sa ya zabura ya baje yatsu, bugun zuciyarsa ya sauya, numfashinsa ya rikice ko ya tsaya na ɗan lokaci, iskar oksijin ta jininsa ta ragu, barcinsa ya yanke. Yankewar barcin ba ƙaramar asara ba ce, domin a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke yin mafi yawan gininta a wannan mataki.

Amsarsa ga magana kuwa daban ce. A 2013 Mahmoudzadeh da abokansa a Amiens ta Faransa sun auna ƙwaƙwalwar bakwainai 'yan mako 28 zuwa 32, suka ga tana bambanta gaɓar ba da gaɓar ga, tana kuma bambanta muryar mace da ta namiji. A wannan shekara Filippa da wasu a Italiya sun nuna cewa idan uwa ta yi wa bakwaini magana ko waƙa a bakin kwalba, oksijin na jininsa yana ƙaruwa, rikicewar numfashi da bugun zuciya kuma ta ragu. A 2015 Webb da Lahav da abokansu a Boston sun ɗauki bakwainai 40, aka riƙa kunna wa wasunsu muryar uwa da bugun zuciyarta awa uku kullum, bayan an tace sautin ya yi kama da na ciki. Da suka kai wata guda, sashen ji na ƙwaƙwalwarsu ya fi na sauran kauri.

Daga nan wani zai ce to a kulle bakwaini a ɗaki shiru. An gwada, kuma sakamakon ya zo da abin mamaki. Pineda da abokan aikinta a St. Louis sun ruwaito a 2014 cewa bakwainan da aka keɓe a ɗakuna nasu su kaɗai, a asibitin da iyaye ba su cika zama ba, sun fi na babban ɗaki rauni a harshe da suka kai shekara biyu. Caskey da abokanta a Providence sun naɗi duk sautin da ke kewaye da bakwainai 36, suka tarar cewa magana kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari ce kawai, sauran duk ƙarar na'ura ce da shiru. Sun kuma ga cewa tun a mako na 32 jariran suna fitar da 'yan sautuka nasu, kuma suna ƙara yi idan iyaye na kusa. Hayaniya da magana ke nan abubuwa biyu ne, kuma rage ta farko ba ya maye gurbin ta biyu.

4.0 Ko Fitowa da Wuri Riba Ce?

Tambaya ce da ta dace da masanin harshe: tunda bakwaini ya riga tsaransa jin magana ba tare da rariya ba, shin yana riga su koyo? Peña da Pittaluga da Mehler sun gwada wannan a Chile a 2010 ta fuskar rausaya, suka ga cewa bakwainin da ya zo da saurin wata uku sai ya kai wata tara yake yin abin da cikakken jariri ke yi a wata shida. Wato ƙwaƙwalwa da nata lissafin take aiki. Amma Gonzalez-Gomez da Nazzi a Faransa sun sami akasin haka a 2012 ta fuskar jerantuwar baƙaƙe a kalma, inda bakwaini ɗan wata goma ya yi daidai da cikakke ɗan wata goma. Fassarar da ta fi kama hankali ita ce baƙaƙe kowa a waje yake fara jinsu sosai, rausaya kuwa darasin ciki ce, kuma ita bakwaini ya rasa.

Idan haka ne, harsuna masu karin sauti su ne fagen da ya fi cancanta a auna wannan ra'ayi. Mattock da Burnham sun nuna a 2006 cewa jariran masu Ingilishi suna rage kula da karin kalma tsakanin wata shida da wata tara, na masu Sinanci kuwa ba su ragewa. Harrison ya riga ya nuna a 2000 cewa jariran Yarabawa 'yan wata shida zuwa takwas sun fi na Ingilishi lura da bambancin kari a gaɓa. Wane wata bakwainin Bahaushe ke raba kuka da kuka? Amsar za ta amfani nazarin harshe gaba ɗayansa.

5.0 Daga Asibiti Zuwa Mile 2 da Agege

Bakwainin da aka sallama daga asibitin koyarwa na Idi-Araba, ko na Ikeja, ko asibitin yara na Massey, ko cibiyar mata da yara ta Amuwo-Odofin, sau da yawa yana komawa gida ne kafin ranar da ya kamata a ce an haife shi. Gidan kuma ba na ƙauyen Katsina ba ne. Mile 2 mahaɗa ce ta manyan hanyoyi biyu, wadda ta taso daga Oshodi zuwa tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can, da wadda ta nufi Badagry. Tireloli da tankokin mai ba su yankewa, kuma su ne abincin Hausawa da yawa na wurin, direbobi da 'yan dako da masu shayi da 'yan tireda. Tun Satumbar 2023 jirgin ƙasa na cikin gari daga Marina ya ƙaru a kai. Agege kuwa, inda fataken goro suka kafa zango tun da daɗewa, hanyar jirgin ƙasa ce ta ratsa ta, ga filin jirgin sama na Ikeja a maƙwabtaka.

Hukumar kare muhalli ta Jihar Legas ta ƙayyade desibel 55 da rana da 45 da dare a unguwannin zama. Babbar mota guda idan ta wuce kusa tana haura 80. Sai dai abin da ya fi cutar da bakwaini galibi ba na titi ba ne, na bakin ƙofa ne: ƙaramin janareta a barandar gidan haya, da injin markaɗe, da rediyo a gefen katifa, da ƙofar kwano da ake bugawa. Waɗannan kuwa mutanen gida suna da iko a kansu. Tsohuwar al'adar naɗe bakwaini a auduga a ɓoye shi a ƙuryar ɗaki, a hana 'yan barka ɗaukarsa, ɗumi take nema da kariya, amma ta haɗa da rage hayaniya ko da ba a ambata ba.

5.1 Alkunya da Muryar Uwa

Akwai wani abu da ya fi janareta wuyar magana. A al'adar Hausawa uwa tana alkunyar ɗan fari: ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, kamar yadda ya zo a littafin Baba of Karo na Mary Smith na 1954, kuma har yau ana yi gwargwadon gida. Wannan al'ada ba ta bar yaro cikin shiru ba, domin ta zo da abokiyar tafiyarta. Mai cikin fari takan koma gidan iyayenta ta haihu ta yi wankan jego, inda kaka ke ta zuba wa jariri surutu, ta kira shi angonta ko ta kira ta kishiyarta, ga gwaggo da inna da 'yan raino masu waƙa.

Haihuwar bakwaini ba ta jiran a yi shirin tafiya. Naƙuda takan zo wa yarinya a Agege wata biyu kafin ranar da aka sa za ta hau mota zuwa Kano, kuma an san cewa mata masu ƙarancin shekaru sun fi fuskantar haihuwar bakwaini, ga shi su ne masu cikin fari. A ɗakin jarirai na asibiti ana taƙaita masu shiga saboda gudun ƙwayoyin cuta, kaka ko ta iso sai dai ta zauna a waje. Sai a wayi gari mutum ɗaya tilo da aka yarda ta tsaya a bakin kwalba ita ce wadda tarbiyya ta hana ta yi masa magana a gaban jama'a. Ma'aikaciyar jinya da ba ta san al'adar ba tana iya ɗaukar shirun a matsayin rashin kula, alhali ladabi ne.

Ba a bukatar rushe alkunya kafin a warware wannan. Abin da ta hana shi ne suna da nuna ƙauna a bainar jama'a, kuma Hausa cike take da laƙabin sakayawa. Jariri ma ba ma'ana yake bi ba: a gwajin DeCasper da Spence na 1986 mata sun riƙa karanta labari guda da ƙarfi a makonni shida na ƙarshen ciki, jariran kuma suka fifita shi bayan haihuwa ko da wata ce ta karanta. Addu'a da karatu a hankali suna isar da muryar uwa, hira da waƙar raino kuma su isar da karin Hausa. Labule ko allon kariya a gefen kwalba yana iya yin abin da wa'azin ma'aikata ba zai yi ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce goyon ƙirji, wanda likita Edgar Rey ya fara a Bogota ta Kolombiya a 1978 saboda ƙarancin kwalabe. Ana ɗora jariri tsirara a ƙirjin uwa, fata da fata, a ɗaure da zane. Gwajin da aka buga a 2021, wanda aka yi a ƙasashe biyar har da asibitin koyarwa na Ile-Ife, ya nuna cewa fara shi nan take ya rage mutuwar jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa 1.8 da kashi 25 cikin ɗari. Ta fuskar sauti, kunnen da ke manne da ƙirji yana jin bugun zuciya da murya ta cikin ƙashi, kusan yadda yake ji a da. Goyo ba baƙo ba ne ga Bahaushiya, gurbinsa kawai aka sauya daga baya zuwa gaba, kuma uba ko kaka suna iya karɓarta.

5.2 Harsuna Biyu da Gwajin Ji

Yaron Agege da Hausa da Yarabanci da Turancin buroka yake tashi, kuma idan ya yi jinkirin magana akan ɗora laifin a kan yawan harsuna. Binciken Byers-Heinlein da Burns da Werker na 2010 a Vancouver ya nuna cewa jariran da uwayensu ke magana da Ingilishi da Tagalog lokacin goyon ciki suna sha'awar harsunan biyu, kuma suna bambanta su tun kwanakin farko. Abin da ya kamata a fara yi shi ne gyara lissafin shekaru: wanda aka haifa a mako na 28, idan ya kai wata tara, a auna shi da ɗan wata shida. Likitoci sukan yi wannan ragi har zuwa shekara biyu.

Na biyu shi ne a gwada kunnen. Bakwaini ya fi sauran jarirai haɗarin raunin ji, saboda shawara mai tsanani, da ƙarancin oksijin, da wasu magungunan da ceton ransa ke tilasta a ba shi. A Legas ɗin aka yi ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen farko na jin jarirai a Afirka ta Yamma, ƙarƙashin Bolajoko Olusanya, tsakanin 2005 da 2006. A asibitin haihuwa na Tsibirin Legas an gwada jarirai 1,330 aka tabbatar da raunin ji na dindindin ga 7. A ɗakunan rigakafi na cikin unguwa, inda ake kawo har waɗanda ungozoma ta karɓa a gida, an gwada 2,003 aka sami 56, wato 28 cikin dubu. Ƙa'idar da masana ji ke bi ita ce a yi gwajin farko kafin wata ɗaya, a tabbatar da matsala kafin wata uku, a fara taimako kafin wata shida. Gwajin na 'yan mintoci ne, ana sa ɗan bututu a kunne yaro yana barci, kuma a binciken na Legas ma'aikatan lafiya na unguwa ne suka yi shi a ranar allurar rigakafin tarin fuka.